Yusuf Islam: Mawaƙin da Ya Ƙi Zama Hajar Kasuwa

Darasinmu na yau a kan sana'ar waƙa ne. Za mu karanta labarin wani mawaƙi na ƙasar Ingila. Duniya ta fara saninsa da sunan Cat Stevens, daga baya ya zama Yusuf Islam. Ya yi suna, ya yi kuɗi, sa'an nan ya ajiye waƙa yana tsakiyar ganiyarsa. Bayan shekaru masu yawa kuma ya sake ɗauka. Shi da kansa ya sha faɗin dalilansa, da baki da kuma a rubuce. Abin da muke so mu duba a cikin labarin shi ne yadda mutum zai riƙe sana'arsa ba tare da sana'ar ta mallake shi ba.

Mun kasa darasin kashi bakwai. Kada ku yi gaggawa. Ku karanta kashi ɗaya, ku tsaya ku yi magana a kansa, kana ku wuce gaba. Akwai tambayoyi a ƙarshe.

1. Ɗan mai gidan abinci

An haife shi a birnin Landan ran 21 ga Yuli, 1948. Sunan da iyayensa suka raɗa masa shi ne Steven Demetre Georgiou. Ubansa ɗan ƙabilar Girka ne daga tsibirin Kubrus. Uwarsa kuwa mutuniyar ƙasar Suwidin ce. Dukansu Kirista ne, amma ba ɗarikarsu ɗaya ba. Makarantar da aka sa shi kuma ta 'yan Katolika ce. Kun ga tun yana ƙarami ya san mutane sukan bi hanya dabam-dabam wajen ibada.

Iyayen suna da gidan sayar da abinci a tsakiyar Landan, a unguwar da gidajen wasan kwaikwayo suka yi yawa. Ana ciniki a ƙasa, su kuma suna kwana a bene. Shi ne auta, yana da wa ɗaya da ya ɗaya, kowa kuwa yana taya aiki. Yana wajen shekara 8 auren iyayen ya mutu. Amma ba su watsar da sana'ar ba, ba su kuwa watsar da 'ya'yan ba. Suka ci gaba da aiki tare a gidan nan.

Akwai fiyano a gidan, watau wani babban abin kiɗa na Turawa wanda ake dannawa da yatsu. Yaro ya koya wa kansa. Da ya kai shekara 15 sai ya roƙi ubansa ya saya masa jita. Jita abin kiɗa ne mai tsirkiya shida, dangin garaya da molo, sai dai ta fi su faɗin ciki. Uban ya fid da fam 8 ya saya masa. Ku riƙe wannan a zuci: uba ne ya fara sa masa jita a hannu.

Sa'ad da ya fara waƙa a gaban jama'a, sai ya ga sunansa ya yi tsawo, ya yi wuyar faɗi. Ya ga da wuya mutum ya shiga kanti ya nemi faifan mai irin wannan suna. Don haka ya laƙaba wa kansa Cat Stevens. Ma'anar Cat ita ce kyanwa, domin wata budurwarsa ta ce idanunsa irin na kyanwa ne. To, abu na fari ke nan da kasuwa ta karɓe masa, watau sunan da iyayensa suka ba shi.

2. Yadda cinikin waƙa yake

Mun saba ganin mawaƙi ya je gidan biki ko fada, ya yi waƙa, a yi masa kyauta hannu da hannu. A Ingila ta wancan zamani ba haka abin yake ba. Tsakanin mawaƙi da mai sauraro akwai kamfani.

Kamfani ke biyan kuɗin ɗakin da ake ɗaukar murya. Shi ke buga waƙar a faifan garmaho dubbai, ya kai kantuna, ya kai gidajen rediyo. Amma kafin a yi wannan duka, sai mawaƙi ya sa hannu a takardar yarjejeniya. Takardar za ta faɗi yawan faifan da zai yi musu, da kason da zai samu a kan kowane faifai da aka sayar. Kason mawaƙi ƙarami ne. Babban rabo na kamfani ne da masu kantuna. In ya sa hannu, ba shi da ikon kai muryarsa wani kamfani sai ya cika alkawari, ko kuwa su sake shi. Kamfani kuma yakan sa wani gwani ya tsaya a kan aikin. Shi ke da ta cewa a kan irin kiɗan da za a bi waƙar da shi.

Akwai kuma rabo na biyu, na wanda ya tsara waƙa. Duk sa'ad da aka sa waƙar a rediyo, ko wani mawaƙi ya sake rera ta a faifai, akan biya mai ita wani abu. Wannan shi ake kira hakkin mallaka. Cat Stevens shi ke tsara yawancin waƙoƙinsa da kansa, saboda haka rabonsa biyu ne.

Ga misali. Yana saurayi ya ba wata mawaƙiya mai suna P. P. Arnold wata waƙarsa a kan fam 30, ta fid da ita a 1967. Bayan shekara 10, a 1977, Rod Stewart ya sake rera ta, ta zo ta ɗaya a cinikin faifai a Ingila. A 2003 wata mawaƙiyar Amurka, Sheryl Crow, ta kuma rerawa. A 2005 da 2006 aka ba shi lambar yabo saboda wannan waƙa. Me ya sa shi aka ba? Domin sunansa ne a rubuce a matsayin mai ita.

Faifansa na fari ya fito a 1966, yana ɗan shekara 18, a hannun kamfanin Deram, wani reshe na kamfanin Decca. Waƙarsa ta biyu, mai suna Matthew and Son, tana magana ne a kan ma'aikatan da ke wahala daga safe har yamma don mai gida ya yi arziki. Ta zo ta biyu a ciniki a Ingila. A 1967 aka haɗa shi da manyan mawaƙa, har da Jimi Hendrix, suna zaga garuruwa. Yau nan, gobe can. Waƙa da dare, tafiya da rana. Ba isasshen barci, ga shan taba, ga giya. Yaro ya sami abin da yake nema, amma kowa ya ci zomo ya ci gudu.

3. Gadon asibiti

Bai cika shekara 21 ba tarin fuka ya kama shi. Huhunsa ɗaya ya daina aiki, har ya kusa mutuwa. Ya yi watanni a kwance a asibiti, ya ƙara kamar shekara guda yana jinya a gida. Kafin wannan ma, babban faifansa na biyu bai yi kasuwa ba. Masu saye suka koma ga waɗansu mawaƙa. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Ya sha faɗi cewa a gadon nan ne ya fara tunani na gaske. Jiya ana tafa masa a dandamali, yau likita ke huda shi da allura, ga marasa lafiya suna mutuwa kusa da shi. Sai ya fara tambayar kansa: in na mutu yanzu, ina za ni? Me na zo yi duniya? Ya shiga karanta littattafai a kan addinai iri-iri. Ya kuma tsara waƙoƙi wajen 40, waɗanda ba su yi kama da na dā ba. Na dā na nishaɗi ne da neman kasuwa. Waɗannan kuwa na neman gaskiya ne.

Da ya warke sai rigima ta tashi tsakaninsa da kamfani. Shi yana son waƙa mai sauƙi, murya da jita da ɗan kiɗa kaɗan. Su kuwa sun saba cika masa waƙa da kayan kiɗa masu yawa. Aka yi ta ja-in-ja har suka sake shi. A 1970 ya koma kamfanin Island, inda aka bar shi ya yi waƙa yadda yake so.

A cikin waƙoƙin shekarar nan akwai wadda ake kira Father and Son, watau Uba da Ɗa. Labarinta shi ne, ɗa yana so ya bar gida ya nemi hanyarsa, uba yana lallashinsa ya zauna ya yi haƙuri. Cat Stevens shi kaɗai ya rera duka biyu. In ya zo maganar uba sai ya yi ƙasa da murya, in ya zo maganar ɗa sai ya ɗaga. Bai ba ɗayansu gaskiya duka ba. Game da nasa uban kuwa, ya ce bai taɓa tare masa hanya ba, ya bar shi ya yi abin da yake so.

4. Suna da kuɗi

Daga 1970 ƙofa ta buɗe. Faifansa mai suna Tea for the Tillerman, da wanda ya biyo shi a 1971, an sayar da miliyoyinsu. Na 1972 ya zo na ɗaya a ciniki a Amurka. Yana ɗan shekara 24 ya zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan duniya. Kuɗi suka yi yawa har harajin Ingila ya dame shi, ya koma birnin Riyo a ƙasar Barazil da zama na ɗan lokaci. Ya kuma riƙa ba da taimako ga ayyukan kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Mai kallo daga nesa zai ce wannan ya gama samun duniya. Amma mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Kusan kowace shekara sai ya kawo sabon faifai, domin takarda ta ɗaure shi. Jaridu suna kambama shi fiye da yadda yake. Jama'a suna son Cat Stevens na jikin hoto, ba su san Steven ɗan mai gidan abinci ba. Ba shi da mata, ba shi da 'ya'ya, ba shi da zama wuri ɗaya.

Tambayoyin gadon asibiti kuwa ba su rabu da shi ba. Ya leƙa addinin Buddha. Ya leƙa duban taurari da lissafin lambobi. Har a cikin faifansa ana jin wannan nema. Ɗaya daga cikin waƙoƙin da suka fi yi masa suna, Morning Has Broken, asalinta waƙar coci ce ta godiya ga Allah saboda wayewar gari. Wata Baturiya ce, Eleanor Farjeon, ta rubuta baitocinta a 1931.

5. Kiran salla, da teku, da littafi

Abu uku ya ambata waɗanda suka juya masa rayuwa.

Na ɗaya, ya je hutu birnin Marrakesh a ƙasar Maroko, sai ya ji ladan yana kiran salla. Ya tambaya mene ne wannan. Aka gaya masa murya ce da ake ɗagawa domin Allah. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ce shi dai ya san waƙa don kuɗi, ya san waƙa don suna, amma bai taɓa jin wadda ake yi don Allah kaɗai ba.

Na biyu, a wajen 1976 yana iyo a teku a Malibu, a jihar Kalifoniya ta Amurka, sai ruwa ya ja shi nesa da gaɓa. Ƙarfinsa ya ƙare. Ba mai ganinsa, balle ya cece shi. Nan ya kira Allah, ya yi alkawari in ya kuɓuta zai yi masa aiki. Ya ce nan take igiyar ruwa ta taso daga bayansa ta tura shi wajen gaɓa.

Na uku, wansa ya je Birnin Ƙudus ziyara. Da ya komo sai ya ba shi kyautar fassarar Alƙur'ani da Turanci. Ku lura, wan nan ba don ya raba shi da waƙa ya ba shi ba. Ya san dai ƙanensa mai neman sani ne, ya ga littafin zai yi masa amfani. Ɗan'uwa rabin jiki.

Ya zauna ya karanta shi kaɗai, a hankali, fiye da shekara guda. Da ya zo kan labarin Annabi Yusuf sai abin ya taɓa shi ƙwarai. Kun san labarin: yaro ne aka jefa a rijiya, fatake suka tsamo shi, aka sayar da shi da 'yan kuɗi kaɗan, aka kai shi Masar. Mawaƙin nan ya ce ya ga kansa a ciki. Shi ma haka yake ji a sana'ar waƙa, kamar haja ce da ake saye ana sayarwa a kasuwa.

Ran Juma'a, 23 ga Disamba, 1977, ya je babban masallacin Landan da ke Regent's Park ya karɓi Musulunci. A watan Yuli na 1978 ya ɗauki sunan Yusuf Islam. Sunan farko iyaye suka ba shi. Na biyu don kasuwa ya ɗauka. Na uku kuwa shi ya zaɓa don kansa.

6. Ya ajiye jita

To, yanzu ina batun sana'a? Saura faifai ɗaya kamfanin Island ke binsa. Bai gudu ba. Ya shiga ɗakin ɗaukar murya ya yi musu, domin alkawari kaya ne. Faifan ya fito a watan Disamba na 1978. A cikin watan nan kuma ubansa ya rasu, wanda ya saya masa jita ta fari.

Ya tambayi limamin masallaci ko ya halatta ya ci gaba da waƙa. Liman ya ce ba laifi, muddin maganar da ke cikin waƙar mai tsabta ce. Amma ya ji waɗansu malamai suna cewa kayan kiɗa haramun ne. Ga shi sabon shiga, ilminsa bai kai ya auna maganganun nan biyu ba. Ya kuma san abin da ke tattare da sana'ar: girman kai, da shaye-shaye, da neman mata. Sai ya zaɓi ya bar ta gaba ɗaya don ya tsira da addininsa.

Ran 7 ga Satumba, 1979, ya yi aure a masallacin nan na Regent's Park. A watan Nuwamba na shekarar ya yi wasansa na ban kwana a Wembley, a Landan, don tara wa asusun yara na UNICEF kuɗi. Daga baya ya yi gwanjon kayan kiɗansa, aka ba da kuɗin sadaka. Masu son waƙarsa da yawa suka ji zafi. Waɗansu suka ce ya haukace. Shi kuwa ya ce a lokacin ne ya fara samun rayuwa irin ta mutane, ga gida, ga iyali.

Allah ya ba su 'ya'ya mata huɗu da namiji ɗaya. Akwai kuma wani ɗa namiji da ya rasu yana jariri. Da 'ya'ya suka fara tasowa sai ya ga yana bukatar makarantar da za ta koya musu karatun zamani tare da addini. A 1983 ya buɗe makarantar firamare mai suna Islamia a arewacin Landan. Aka daɗe ana neman gwamnati ta taimaka mata kamar yadda take taimakon makarantun Kirista da na Yahudawa. Sai a 1998 aka yarda. Tana cikin makarantun Musulmi na fari da suka sami wannan a Ingila. A 1985 kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar agaji ta Muslim Aid, ya shugabance ta shekaru da dama.

Da wane kuɗi ya yi ayyukan nan? Ku tuna da hakkin mallaka. Ko da yake ya daina waƙa, ana ta sayen tsofaffin faifansa, ana sa su a rediyo, rabonsa yana shigowa. Da yawa daga cikin kuɗin nan makaranta da agaji suka tafi.

Bakin mawaƙi kuwa ba ya rufuwa sarai. Sa'ad da aka haifa masa 'yarsa ta fari ya tsara mata wata 'yar waƙa ta koyon baƙaƙen Larabci, kowane baƙi da kalmar addini da ta fara da shi. A shekara ta 2000 ya fid da faifai na yara mai ɗauke da ita.

7. Ya sake ɗauka

Komowarsa ba a rana ɗaya ta faru ba. A 1995 ya fid da faifai na tarihin Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Yawancinsa magana ce, da 'yan waƙoƙi kaɗan, ba jita a ciki.

A lokacin nan ana yaƙi a ƙasar Bosniya, a Turai, daga 1992 zuwa 1995, an kashe Musulmi masu yawa. Ministan harkokin wajen ƙasar, Irfan Ljubijankić, likita ne, yana kuma tsara waƙa. Ya ba Yusuf kaset na wata waƙa da ya yi. A watan Mayu na 1995 aka harbo jirgi mai saukar ungulu da ministan ke ciki, ya rasu. Yusuf ya ga yadda waƙa ke ƙarfafa zuciyar mutanen da ke cikin wuya. A 1997 ya je birnin Sarayebo ya yi waƙa. A 1998 ya fid da faifan waƙoƙin Bosniya, har da ta marigayin.

Sa'an nan, a farkon shekarun 2000, ɗansa ya sayo jita ya kawo gida. Wata rana uban ya gan ta a ajiye, ya ɗauka. Fiye da shekara 20 rabonsa da ita, amma yatsunsa ba su manta ba. Dā uba ne ya miƙa wa ɗa jita. Yanzu kuwa ta hannun ɗa ta komo wa uba.

Bai tsaya ga jin daɗi kawai ba. Ya koma ya bincika maganganun malamai, na dā da na yanzu. Ya tarar lalle akwai saɓani: waɗansu sun hana, waɗansu sun halatta da sharaɗi. A ganinsa hujjar masu halattawa ta isa. Ya ce abin dubawa shi ne me waƙar ke faɗi, kuma ina take kai mai ji. Da ambaliyar teku ta hallaka mutane fiye da dubu 200 a ƙasashen gaɓar tekun Indiya ran 26 ga Disamba, 2004, ya yi waƙa don tara wa marayu kuɗi. A 2006 ya fid da cikakken faifai da jita, shekara 28 bayan na ƙarshe.

Dā masu son waƙa ne suka zarge shi don ya bari. Yanzu kuwa waɗansu Musulmi suka zarge shi don ya koma. Bai yi zagi ba. A 2014 ya rubuta ɗan littafi yana bayyana dalilin da ya sa har yanzu yake riƙe da jita. Mu a nan ba mu ne za mu yanke hukunci ba. Wannan aikin malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da ilminsa. Abin da muka gani dai shi ne, sau biyu mutumin nan ya yi abin da ya ga daidai ne, ko da yake ya san za a yi masa surutu.

A 2020, shekara 50 bayan fitowar Tea for the Tillerman, ya sake rera waƙoƙin faifan duka. Ɗansa ne ya kawo shawarar. Da aka zo kan waƙar Uba da Ɗa, sai aka ɗauko muryarsa ta 1970, ta saurayi, aka sa ta a wurin ɗa. Shi kuma, yana tsoho mai jikoki, ya rera wurin uba. A kan faifan an rubuta sunayensa biyu tare, Yusuf da Cat Stevens.

Abin da muka koya

Na ɗaya. Kowace sana'a tana da abin da take ba mutum, tana da abin da take karɓa. Mai hankali yakan lissafa duka biyu. Waƙa ta ba yaron nan kuɗi da suna, ta karɓe masa lafiya da kwanciyar rai, har sai da ya tsaya ya yi lissafi.

Na biyu. Takardar yarjejeniya tana ɗaure mutum, tana kuma tsare masa hakkinsa. Ita ta tilasta shi ya yi faifan ƙarshe, rubutu kuma shi ya sa rabonsa bai ɓace ba. Kada mu sa hannu ko mu dangwala yatsa a takardar da ba mu san abin da ke cikinta ba.

Na uku. A kowace mararraba ta rayuwarsa akwai ɗan gida a tsaye: uba da jita, wa da littafi, 'ya da waƙar baƙaƙe, ɗa da jita kuma. Masu tafi sun zo sun wuce. Naka sai naka.

Na huɗu. Ba abin kunya ba ne mutum ya sake shawara in ilminsa ya ƙaru. Abin kunya shi ne ya sake don tsoron bakin mutane, ko don kwaɗayi.

Tambayoyi

1. Wace sana'a iyayen mawaƙin nan ke yi?
2. Me ya sa ya bar sunansa na yanka ya ɗauki Cat Stevens?
3. Mene ne hakkin mallaka?
4. Wace cuta ta kwantar da shi? Wane tunani ya yi a asibiti?
5. Me ya sa labarin Annabi Yusuf ya taɓa shi?
6. Me ya sa bai bar kamfani nan take ba bayan ya musulunta?
7. Wa ya komo da jita gidan?

Lissafi

1. An haife shi a 1948. Ya buɗe makaranta a 1983. Shekarunsa nawa a lokacin?
2. An buɗe makarantar a 1983. Gwamnati ta fara taimakonta a 1998. Shekara nawa aka yi ana jira?
3. An sayi jita fam 8. An ba shi fam 30 a kan waƙa. Nawa ne bambanci?

Abin tattaunawa

In ɗanka ko 'yarka ta zo ta ce tana son sana'ar da kai kake jin tsoronta, me za ka fara tambaya? Me za ka hana, me za ka bari? Kowa ya faɗi nasa ra'ayi, a saurari juna. Sa'an nan kowa ya rubuta layi uku a littafinsa a kan abin da sana'arsa ke ba shi, da abin da take karɓa a wurinsa. A kawo wa malami ranar aji mai zuwa.